Tayil a Ƙarƙashin Tsohuwar Leda

Abokan aikinsa a wuraren gini ba su cika kiransa Mai Tayil ba, In-kuma-fa suke ce masa. Ana gama kwaɓa siminti zai ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "In kuma fa ruwa ya sauko?" Idan aka ce ranar Asabar za a sallami ma'aikata, sai ya ce, "In kuma fa mai aikin ya yi tafiya?" Matarsa takan ce da ana sayen fargaba a kasuwa, da tuni sun gina bene. Amma duk tsoron nan nasa, da ya tashi sayen gida, tambayar da ta fi kamata ya yi ita ce bai yi ba.

Gidan ba wani babba ba ne. Ɗakuna uku ne da falo da kicin, sai ɗan tsakar gida da igiyar shanya ɗaya ta ishe shi. Na wani tsohon direban babbar mota ne da kowa a layin yake kira Baba Direba. Matar tsohon ta rasu, idanunsa sun fara gazawa, 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta matsa sai ya koma wurinta a yi masa aikin ido. Dillali ne ya haɗa su. Aka yi ciniki a kan benci a ƙofar gida, Mai Tayil ya je banki ya tura kuɗin da ya shafe rabin rayuwarsa yana tarawa a durƙushe a gidajen mutane. Aka rubuta 'yar takarda, shaidu suka sa hannu, Baba Direba ya zaro makulli daga aljihu ya danƙa masa.

"Ɗana, ga gidanka. Ni zan lallaɓa wurin ƙanena zuwa ƙarshen wata, yarinyar nan ta zo ta ɗauke ni."

Da aka gama komai, sai ga ragowar kuɗi a asusu. Mai Tayil ya ɗauka rara ce Allah ya ba shi.

Ranar da ya buɗe gidan shi kaɗai, ƙasa ya fara duba, don dama duk inda ya shiga ƙasa yake fara dubawa. Daɓen falon ya tsattsage, wani wurin ya burma, wani wurin an yi masa faci da simintin da bai ji ruwa ba. Ya tsuguna ya shafa da tafin hannu. Gidaje nawa ya mai da ƙasarsu kamar madubi, ya wanke hannu ya koma ɗakin haya inda tsohuwar leda ce a shimfiɗe? Bai yi shawara da kowa ba. Washegari ya tafi shagon kayan gini ya zaɓi tayil mai ruwan madara, irin wanda sai masu hali yake sa wa, ya sayi na gida gaba ɗaya. Ya fasa tsohon daɓen falon, ya zuba sabo, ya ja zare. Kullum in ya taso daga aikin mutane sai ya biyo ya yi nasa kafin rana ta faɗi. Ya zagaye gefe da siririn layi mai ruwan ƙasa, a tsakiya ya yanka tauraro mai kusurwa takwas, wanda bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Sauran kwalayen ya jera su a ɗakin baya, suna jiran lokacinsu.

Da ya kawo iyalinsa su gani, matarsa ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Ƙananan yaran suka hau sulɓi da safa. 'Yarsa babba, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ce ta tsaya a kan tauraron ta ce, "Baba, ya yi kyau wallahi. To takardar gidan fa, an sa sunanka?"

"Ga makulli a hannuna, Uwata."

"Ai a ɗakin haya ma makulli a hannunka yake."

Maganar ta tsaya masa a ƙirji kamar ƙaya. Da safe ya ɗauki 'yar takardar cinikin ya nufi ofishin wata lauya da wani abokin aikinsa ya kwatanta masa, yana zaton abin bai wuce a buga hatimi ya koma bakin aikinsa ba.

Ofishin yana saman wani kantin magani, sai an hau matsattsen bene. Fanka tana juyawa a hankali, fayil-fayil sun cika kanta har sun sauko ƙasa. Lauyar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta karanta takardar, ta juya bayanta ta ga babu komai, ta ajiye.

"Malam, ka biya duka?"

"Duka, ranki ya daɗe. Ko kwabo ba ya bi na."

"To gidan har yanzu na tsohon ne."

Ya ji kamar an zare kujerar da yake kai. Ta yi masa bayani a hankali, irin na wadda ta saba ganin fuska ta canja a gabanta. A ofishin filaye sunan Baba Direba ne a rubuce, kuma shi hukuma ta sani. Kafin a sauya suna sai lauya ya bincika ko gidan ba jingina yake ba, ko babu wani mai haƙƙi a ciki, sannan ya rubuta takardar sayarwa ta sosai. Wannan aikinta ne, kuma da ladansa. Bayan haka akwai harajin sayen gida, wanda mai saye ne yake biya. Sai an biya shi ake buga hatimi, sai an buga hatimi ake sauya suna, kuma dole mai sayarwa ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Ta rubuta lissafin a wata 'yar takarda ta juyo masa ita.

Ya duba. Kusan daidai da abin da ya kai shagon kayan gini.

"Ranki ya daɗe, ba za a duba mu ba? A ɗan yi ragi."

"Nawa zan iya duba ka, ka ba da rabi yanzu, rabi daga baya. Na hukuma kuwa ba a tayawa, ba tumatir ba ne."

"In kuma fa tsohon ya tafi kafin in haɗa?"

"Sai ka bi shi can, ko ka jira ya dawo. In kuma Allah ya yi masa cikawa, da magada za ka zauna. Wasu magadan mutanen kirki ne." Ta bar maganar a nan. "Sannan ka sani, harajin a kan kuɗin cinikinku ake lissafa shi, ko a kan ƙimar da ma'aikacinsu ya yi wa gidan, duk wanda ya fi yawa. Za su turo mutum ya duba. Don haka kada ka taɓa komai a gidan nan sai an gama. Wasu sai su hau fenti da gyare-gyare, su jawo wa kansu ƙari."

Mai Tayil ya tuna tayil ɗin falo. Kunya ta hana shi faɗa. Ya ce, "To," ya sauko benen yana dafa bango.

A hanya ya yi ta lissafi. In ya sayar da babur ɗinsa, ya mayar da kwalayen da bai buɗe ba, zai iya haɗa harajin da rabin kuɗin lauya, da ƙyar. Amma fa in harajin ya tsaya inda lauya ta rubuta. In mutumin hukuma ya shigo ya ga falon nan ya ɗaga ƙimar gidan, babu inda zai samo cikon kafin ƙarshen wata. Baba Direba zai tafi, kuɗinsa na shekara da shekaru su zauna a gidan da ke da sunan wani.

Ya samu dillalin a rumfar mai shayi, ya baje ƙafa yana danna waya. Mutum ne mai ƙaton agogo da dariya a kusa.

"Kai kuwa me ya hana ka gaya mini akwai haraji?"

"Ka tambaye ni? Kai da ko ruwan sha sai ka tambayi daga wace rijiya." Da ya ji labarin tayil ɗin sai ya kwashe da dariya har yana buga cinya. "Wannan ne ya sa ka rame a wuni ɗaya? Ba ku da tsohuwar leda a gida?"

"Akwai."

"To shimfiɗa ta a kai. Ka watsa buhunan siminti, ka ajiye tsofaffin bokitai. Mutanen nan a gaggauce suke, gida goma suke dubawa a rana. Zai leƙa, ya ga tarkace, ya rubuta tsohon gida, ya wuce. Wa ka cuta? Ai a lokacin da ka saya haka yake."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta kama shi. Ai kuwa haka yake a lokacin da ya saya.

Da yamma, bayan an ci abinci yara sun fita, ya zayyana wa matarsa komai. Tana ninke wanki, ba ta tsaya ba har ya kai ƙarshe.

"Wato kai, Malam, da kake komawa daga bakin titi ka duba ko ka kulle ƙofa, ka zuba kuɗin haraji a ƙasa muna takawa."

"Ban san da shi ba, Maman yara."

"Na yarda. Wannan kuskure ne, kowa yana yi. Ledar nan kuwa ba kuskure ba ce."

"Ba ƙarya zan yi ba. Shiru kawai zan yi."

"Kai ne za ka iya shiru? Mutumin da mai kanti ya yi masa ƙarin canji ya kasa cin abinci sai da ya mayar?" Ta ɗora riga a kan sauran. "Ka koma wurin lauyar ka gaya mata."

"Ta ce kada in taɓa komai, na ce to. Da wane ido zan koma?"

"Da wanda ka je da shi."

Bai koma ba. Ranar da aka ce ma'aikacin zai zo, ya tashi da sassafe ya janye gado da akwatuna, ya naɗe ledar ɗakinsu na haya. Tsohuwa ce, furanninta sun koɗe, ga tabon dutsen guga a tsakiya. Matarsa tana tsaye ta harɗe hannu.

"Ki kama mini gefe in ɗaura a babur."

"Ni hannuna ciwo yake."

Uwata ta leƙo da kayan makaranta a jikinta. "Baba, mutane suna ɓoye talauci, mu kuma arziki za mu ɓoye?"

"Wuce makaranta, sarkin baki."

Ledar ba ta kai faɗin falon ba. Ya ja ta nan, can ya buɗe. Ya ja ta can, layin gefe ya leƙo. A ƙarshe ya rufe gefe ɗaya da buhunan siminti da babu komai a ciki, ɗaya gefen ya jera katakai da bokitai da wata tsohuwar ƙofa da ya tsinta a tsakar gida. Ya ɗebo yashi ya watsa. Ya koma bakin ƙofa ya duba. Bai taɓa ɓata aikin hannunsa da kansa ba sai yau.

Ma'aikacin ya iso da hantsi. Dattijo ne mai ɗan tumbi, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, da tef ɗin awo a rataye a ƙugu da allon rubutu a hammata. Suka gaisa. Ya fara daga waje, ya auna gaba, ya auna gefe, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi kwano. Mai Tayil yana riƙe masa bakin tef, hannunsa yana rawa.

"Malam, zazzaɓi kake?"

"A'a, yallaɓai. Haka jikina yake."

Suka shiga ɗakuna. Dattijon ya ga kwalaye a ɗakin baya, ya dube su. Ya leƙa kicin, ya murɗa famfo, ya buɗe banɗaki ya rufe. Falo ne na ƙarshe. Ya taka ledar ya je tsakiya, daidai inda tauraron yake a ƙasa, ya tsaya yana rubutu.

A lokacin ne aka yi sallama. Matar Mai Tayil ce, da gorar ruwa da kofi a hannu. Ta gaida baƙo, ta ajiye ruwan a kan bokiti, ta koma bakin ƙofa ta jingina. Ba ta dubi mijinta ba.

"Bango bulo, rufi kwano, silin kwali," dattijon yana faɗa yana rubutawa. "Ƙasa kuma daɓen siminti ne ko, da leda a kai? In na gama za ka sa mini hannu a nan ƙasa, cewa abin da na rubuta haka yake."

Biro yana tsaye a kan takarda. Kai kawai zai gyaɗa, shi ke nan. Mai Tayil ya dubi biron. Ya hango kansa a falon nan bana da baɗi da shekarun da ke gaba, duk motar da ta tsaya a layi sai gabansa ya faɗi, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da takarda a hannu sai ya ɗauka an zo kama shi. Ya san halinsa. Gidan da ya saya don ya huta shi ne zai zama inda ba zai ƙara zama da daɗi ba.

"Yallaɓai, ɗan matsa baya kaɗan."

Ya sunkuya ya ture katakan, ya kama bakin ledar ya fara naɗewa. Yashi yana zuba, farin tayil yana fitowa layi bayan layi, har tauraron ya bayyana. Ya jingina ledar da bango, ya tsaya kansa a ƙasa kamar ɗalibin da aka kama.

"Ni na rufe shi. Tsoro na ji kada ku ɗaga haraji, don abin da nake da shi ba zai kai ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya sa bakin takalmi ya share yashi daga kan layin gefe.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne. Sana'ata ce."

"Ai tun da na taka na ji. Leda a kan tsohon siminti ba ta kwanciya lumui haka. Ga kuma kwalaye a ɗakin baya, ko makaho ya yi tuntuɓe da su." Ya girgiza kai. "Jira nake in ga ko za ka sa hannun. Da ka sa, da maganar ta bar hannuna, ta koma wani ofishin da ba a ba mutum ruwa."

Matar Mai Tayil ta sauke numfashi a bakin ƙofa, har sai da aka ji. Dattijon ya ci gaba.

"Yaushe ka yi shi? Kafin ciniki ko bayan ciniki?"

"Bayan ciniki, yallaɓai. Bayan na biya."

"To mu abin da aka sayar maka muke yi wa ƙima, ba gumin da ka zuba daga baya ba. Sai dai baki kawai ba ya isa. Kowa ma haka zai ce. Kana da abin da zai nuna yadda ƙasan nan take a da?"

Mai Tayil ya girgiza kai. Matarsa ce ta yi magana.

"Malam, wayarka."

Sai a lokacin ya tuna. Ɗabi'arsa ce, duk gidan da zai yi wa aiki sai ya ɗauki hoton ƙasa da bango ta kowace kusurwa kafin ya ɗora guduma, don kada gobe mai gida ya ce shi ya fasa masa wani abu. Abokan aiki har dariya suke yi masa. A nasa gidan ma, da babu mai tuhumarsa, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya lalubo wayar ya miƙa. Ga tsattsagaggen daɓen, ga facin, ga ramin bakin ƙofa, kowane hoto da ranar da aka ɗauke shi.

Dattijon ya ture gilashinsa sama yana dubawa. "Har da hoton ƙusa a bango. Kai Malam, kai ka dace da aikin nan namu." Ya mayar masa da wayar. "Ka kai wa lauyanka, a fitar da su a takarda, a haɗa da rasit ɗin tayil, tsohon ya shaida. Ni zan rubuta abin da na gani, da abin da ka gaya mini. Ban yi maka alkawari ba fa, akwai na sama da ni."

"Ledar ma za ka rubuta?"

"Ledar wa? Ni tayil na gani." Ya sha ruwa, ya ɗingisa ya fita.

Ranar nan dai sai da Mai Tayil ya hau benen da ya ce ba shi da idon hawa. Lauyar ta saurare shi har ƙarshe, ta cire gilashi ta murza ido.

"Da ka faɗa mini tun ranar farko, da takarda ɗaya zan rubuta, ka huta da dakon leda."

"Kunya ce, ranki ya daɗe."

"Kunyar nan ta kusa yi maka tsada. Kawo wayar."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa sauƙi ba. Ya kai babur kasuwa, aka yi masa tayin wulaƙanci, ya dawo da shi, ya sake kai wa, ya sallama. Mai shagon kayan gini ya karɓi kwalayen amma sai da ya zabge wani abu, wai an ɓata masa kwali. Ya koma hawa motar haya da jakar kayan aiki a cinya, injin yanka tayil a tsakanin ƙafafu, fasinjoji suna tsaki. Ɗakinsu na haya kuwa ya zauna babu leda, don matarsa ta ce ba za a dawo mata da ita ba. Kullum sai ya biya ta wurin ƙanen Baba Direba, wai gaisuwa, alhali so yake ya ga tsohon yana nan da lafiyarsa.

"Ɗana, gaisuwar nan ta yi yawa," in ji Baba Direba wata rana. "Ko tari na yi sai ka zabura. Kwantar da hankalinka, ba zan mutu da gidanka a wuyana ba."

Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare lauyar ta kira. Takardar ƙima ta fito. Ba a sa tayil a lissafi ba. Sai dai an ɗan ɗaga ƙimar sama da kuɗin ciniki, saboda an ce unguwar ta fara tsada tun da aka gyara titi. Ƙarin ba shi da yawa, amma ya fi abin da ya rage a hannunsa. Ya zo gida ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Matarsa ta buɗe akwati, ta zaro wani ƙullin ɗankwali, kuɗin ƙanƙarar da take sayarwa ne da ta daɗe tana tarawa don labulen sabon gida.

"Ungo. Ma rataya zani a taga kafin Allah ya hore."

"Maman yara..."

"Kada ka fara. In ka yi mini kuka zan karɓe abina."

Ranar biya ya wuni a layi. Daga wannan taga a tura shi waccan, daga can a ce ya je banki, daga banki ya dawo a ce mai hatimi ya fita cin abinci. Bai yi ƙorafi ba. Da aka buga hatimin, sai da ya tsaya a gefe ya hura wa tawadar iska ta bushe kafin ya ninke takardar.

Washegari suka haɗu a ofishin filaye: shi da matarsa, da lauya, da Baba Direba da 'yarsa wadda ta iso da daren jiya da mota. Tsohon ya sha farar riga, yana riƙe da sanda. Da aka miƙo masa takarda ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, bai ga layin ba. Lauyar ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Ya sa hannu a hankali, da irin sa hannun mutanen da, mai doguwar jela. Mai Tayil ya sa nasa. Ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta duba rasit ɗin haraji, ta danna na'ura, ta juyo masa fuskar allon.

"Duba da kyau, haka ake rubuta sunanka?"

Ya karanta shi harafi bayan harafi, yana bi da yatsa. Ya ce haka ne, muryarsa ba ta fita sosai ba. Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Ka ɗaga murya mana, mai gida."

A waje, 'yar Baba Direba ta buɗe wa mahaifinta ƙofar mota. Tsohon ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tsaya ya yafito Mai Tayil da hannu.

"Zo nan, ɗana. Yanzu ya zama naka ko? Babu sauran sa hannu?"

"Babu, Baba. An gama."

"To madalla. Ɗakin bayan nan, kusurwar gabas, in ruwa ya yi ƙarfi yana ɗan ɗiga. Shekara uku ina cewa zan hau in duba, ƙafa ta ƙi. Ba a yi maganarsa a ciniki ba don babu wanda ya tambaya."

"Haba Baba!" in ji 'yarsa. "Sai yanzu?"

"To da yaushe? Da yoyona ne, yanzu nasa ne."

Lauyar ta juya baya tana dariya. Matar Mai Tayil ta zuba wa mijinta ido, tana jira ta ga fuskar nan da ta sani ta tattare. Sai ta ga yana murmushi, har haƙoransa a waje. Shekara da shekaru in ɗaki ya yi yoyo sai dai ya tara bokiti ya yi ta bin mai gida da roƙo.

"Na gode, Baba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'ar aiki."

Motar ta tashi. Mai Tayil ya cusa takardun a cikin riga, ya dafe su da hannu ɗaya, suka nufi bakin titi inda ake jiran mota.

"Maman yara, maƙwabcin nan namu na dama, mai shagon walda, kamar na ga tsani a gidansa ko?"

"Yau ɗin nan za ka hau?"

"Ai da sauran rana," in ji shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da mota.